Me ke riƙe da kayan cikin mutum har ba sa zubewa?

Ɗaliba 'Yar Aji Shida:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah a warware min ita dalla-dalla. A aji an zana mana zuciya da huhu da hanta da hanji, kowanne da wurinsa. To me ya riƙe su a wurin? Mutum yana gudu, yana ruku'u da sujada, 'yan kokawa har da ƙasa ake maka su, amma hanta ba ta gangaro ƙugu ba, hanji bai cukurkuɗe ba. An ce mana akwai tantani da jijiyoyi, aka wuce. Ni kuwa nan ne abin ya tsaya min a rai.

Ɗan Fawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da hannuna yake taɓawa kullum a mahauta. In ka farke cikin rago, abin da za ka fara tararwa wani shimfiɗaɗɗen kitse ne shara-shara, ya lulluɓe tumbi da hanji. Ka yaye shi, ka kama hanji ka ja, ba zai biyo ka ba. Yana manne da wani tantani mai yalwa, ga jijiyoyin jini sun bazu a jikinsa, ga 'yan ƙululai nan da can, ya tattaru ya je ya kama a gadon baya. Sai ka bi shi da yatsa kana tsinkewa kaɗan-kaɗan kafin hanjin ya miƙe. Hanta a maƙale take da shamakin naman nan da ya raba ƙirji da ciki. Ƙoda tana da 'yar rigarta, ka tsaga da farce ka saɓule. Zuciya a cikin jaka take, in ka huda sai ɗan ruwa ya biyo wuƙa. Ko tsoka ma, kowace da farin tantaninta, shi ne masu kilishi suke zama su bi da wuƙa su cire. Duk cikin dabba ban taɓa ganin abin da aka ajiye sakaka ba.

Malamin Kimiyya:
Allah ya saka da alheri, Malam Ɗan Fawa. Abin da ka lissafa shi ne darasin gaba ɗayansa, kuma haka yake a jikin ɗan Adam, sai ɗan bambancin girma da fasali.

'Yata, ga yadda abin yake. Akwai tantani siriri mai santsi da ya bi bangon ciki ya shafe shi kaf. Da ya zo gadon baya sai ya naɗo gaba, ya rungumi hanji, ya koma inda ya fito. Kin ga ya zama ninki biyu ke nan. A tsakanin ninkin nan jijiyoyin jini suke bi su kai wa hanji jini, su kwaso abincin da ya tsotsa su nufi hanta da shi. Wato abin da ya rataye hanji, shi ne kuma hanyar cinsa da shansa. Ƙaramin hanjin mutum ya kai wajen mita 6, amma gindin tantanin da ya riƙe shi a baya bai wuce santimita 15 ba. Daga wannan ɗan gindin ya buɗe, ya yi ta tattara har ya wadaci tsawon hanjin duka. Shi ya sa hanji yake da sakewar motsi amma ba ya barin muhallinsa. Tsakanin tantanin bango da na jikin hanji kuma akwai ɗan ruwa mai santsi, don kayan ciki su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun goge ba.

Irin wannan tsarin wuri uku yake: ciki, huhu, da zuciya. Wani likitan Faransa, Xavier Bichat, ya yi rubutu a kan tantanin jiki a wajajen 1800, ya kuma kasa jikin mutum zuwa nau'in nama 21, duk da ido da wuƙa ya yi aikin, bai dogara da madubin likita ba. Shi ya jawo hankalin likitoci cewa cuta takan kama tantanin zuciya ta bar naman zuciyar lafiya lau.

Amma kada a ɗora wa tantani nauyin duka. Tsokar bangon ciki ta tallafe ta gaba da gefe, tsokar ƙasan ƙugu ta tare ta ƙasa, kuma cikin a cike yake maƙil, babu fili ko kaɗan da wani abu zai faɗa.

Ɗan Fawa:
Malam, tunda ka taɓo huhu. Kafin a huda shamakin nan, huhu ya cika ƙirji fam. Da wuƙa ta shiga sai ka ji wani ɗan huci, huhun ya motse ya koma gefe guda. Mene ne dalili?

Malamin Kimiyya:
Huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa. Halinsa ma shi ne ya tsuke. Abin da ya hana shi, tantanin jikinsa ya liƙe da tantanin jikin haƙarƙari, tsakaninsu ruwa ne da bai fi babban cokali ɗaya ko biyu ba, iska kuwa babu ko ɗis. Suna zamewa a kan juna amma ba sa rabuwa. Haƙarƙari ya buɗe, shamaki ya sauka, dole huhu ya bi, iska ta shigo ta hanci. Hucin da kake ji iskar waje ce take kutsawa tsakanin tantanin biyu, da ta shiga kuwa riƙon ya saki. Haka yake faruwa ga wanda aka soka a ƙirji, ko wanda haƙarƙarinsa ya karye ya huda huhu a haɗarin mota. Sau da yawa sai an sa roba a ƙirjin an zuƙe iskar kafin huhu ya koma yadda yake. Mai tarin fuka kuma wani lokaci ruwa ne yake taruwa a wurin, har lita guda ko fiye, ya danne huhun.

Anti Nas:
Ni abin da nake so iyaye su riƙe daga bayanin Malam shi ne wannan. Cikin tantanin ciki tsaf yake, babu ƙwayar cuta. Cikin hanji kuwa cike yake da su, bangon hanji ne kaɗai ya raba. Taifot in ba a yi mata magani yadda ya kamata ba, wajen mako na biyu zuwa na uku takan ci bangon ƙarshen ƙaramin hanji ta huda shi. Yaron da ya daɗe yana zazzaɓi sai kwatsam ciki ya murɗa, ya yi tauri, ba ya son ko a taɓa, ya kwanta lamo yana gudun motsi. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na kemis ba ne, na ɗakin tiyata ne. Kitsen nan da Ɗan Fawa ya ce yana yayewa, a jikin mai rai yakan matsa ya je ya lulluɓe inda ya kumbura ya killace mugunya. To na ƙananan yara gajere ne, bai cika kaiwa ba, shi ya sa abin ya fi saurin bazuwa a cikinsu.

Sai ƙaba. Bangon ciki ne ya yi rauni a matsematsi ko a cibiya, tantani ya turo waje da hanji a cikinsa. Muddin tana komawa in an kwanta, da sauƙi, a je a sa rana a gyara. Ranar da ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo ga amai, to bakin ramin ya shaƙe jijiyoyin jinin hanjin ne, cikin sa'o'i hanjin zai iya mutuwa. Magidanta da yawa kunya ce take hana su zuwa sai ta kai haka.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Maraɗi. Tawa tambayar kan sanƙarau ce. Mun ga ta'asarsa a Nijar a 2015, a Yamai har makarantu aka rufe. Ana cewa ciwon tantanin ƙwaƙwalwa ne. To me ya haɗa shi da wuya? Kuma me ya sa ba ya tashi sai da rani?

Anti Nas:
Ɗan'uwa, tantanin ƙwaƙwalwa hawa uku ne. Na waje mai kauri yana manne da ƙoƙon kai, na ciki ya kwanta a jikin ƙwaƙwalwa, sai na tsakiya. Ba a kai suka tsaya ba, sun gangara cikin ƙashin baya sun lulluɓe laka. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai ruwa garau wajen mililita 150, jiki yana yin kusan rabin lita a kowace rana yana sabunta shi. In ka sunkuyar da kai, tantanin yana miƙewa. To in ya kumbura, miƙewar nan azaba ce, sai tsokar wuya ta ƙanƙame ta hana sunkuyon. Shi ya sa muke ɗebo ruwan ta ƙashin baya mu duba, in ya fito gurɓatacce mun san inda aka nufa.

Batun rani kuma, wani tantanin ne ya fara ba da hanya. Cikin hanci da maƙogwaro akwai tantani mai laima, mai majina, aikinsa tare ƙura da ƙwayoyin cuta. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro ba ta yi musu komai ba. Iskar hunturu da ƙura da bushewar bazara su suke raunata tantanin, ƙwayar ta sami shiga jini. Ƙara da kwanan cunkoso a ɗaki ba taga. A 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Rigakafin da aka fara a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ya karya lagon nau'in A na ƙwayar sanƙarau, sai nau'in C ya taso, shi ne naku na 2015, shi ne kuma na Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ya haɗa nau'i biyar.

Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. A duba maɗiga. Ita ma tantani ce mai ƙwari da ta haɗa ƙasusuwan kai kafin su haɗe, takan rufe wajen wata 18. In ta kumburo ga zazzaɓi, a garzaya asibiti. In ta loma ciki yaro yana gudawa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, ba abin da za a kwaɓa a shafa mata take buƙata ba.

Ɗaliba 'Yar Aji Shida:
Na gode ƙwarai, Anti. Malam, to tantanin ƙwayar halitta da ake tambaya a jarrabawa, shi ma cikin waɗannan yake?

Malamin Kimiyya:
A'a, shi daban ne. Duk waɗanda muka ambata dubban ƙwayoyin halitta ne suka jeru suka yi su. Shi kuwa kowace ƙwaya guda da nata, na maiƙo, ninki biyu. Kaurinsa wajen nanomita 7 zuwa 8, sai an jera sama da 10,000 kafin su kai kaurin takarda ɗaya. Gorter da Grendel na ƙasar Holan ne suka gano ninki biyu ne a 1925, da jajayen ƙwayoyin jini suka yi gwajin. A 1972 Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa furotin iri-iri suna yawo a cikin maiƙon, wasunsu su ne mashigar da abubuwa ke bi. Akwai wata mashiga a jikin hanji da ba ta wucewa da gishiri sai tare da sukari, in suka wuce ruwa ya bi su. Kwalara ba ta lalata wannan mashigar. Sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya isa haka don jarrabawa.

Hajiya Mai Abinci:
Ni a tukunya nake ganin nawa. In na dafa ƙafar sa ko ganda, romon ya kwana, da safe sai in tarar ya daskare yana rawa. Jijiyar da wuƙa ta kasa yankawa jiya ta yi laushi tuɓus. Gwiwata tana damuna, ƙawayena sun ce in yawaita cin ganda da guringuntsi, wai su ne ke cike gurbin abin da ya cinye. Malam, da gaskiya a ciki?

Malamin Kimiyya:
Hajiya, abin da ya daskare a tukunyarki shi ne amsar tambayar 'yarmu ta farko. Furotin ne da ake kira kolajin, shi ya fi kowane furotin yawa a jiki, kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ne ƙarfin fata da jijiyar tsoka da guringuntsi da farin tantanin nan, har ƙashi ma a kansa aka zuba sinadarin da ya taurara shi. Zare uku ne aka murɗa wuri guda, yadda ake tufka igiyar rama, sannan aka jera dubbai suka zama dami. Wani masanin Indiya, Ramachandran, ya gano wannan fasalin a Madras a tsakiyar shekarun 1950. Wuta in ta daɗe sai ta warware tufkar, zaren ya narke a romo, in ya huce ya sarƙe ya kama ruwan.

Amma cinsa ba ya aika shi gwiwa kai tsaye. Ciki yana farfasa shi ne kamar kowane nama, jiki ya ɗauki gutsattsarin ya yi abin da ya ga dama da su. Ganda abinci ce, ki ci abarki in ba da taya aka babbaka ta ba, sai dai ba ta kai ƙwai ko wake ko kifi gina jiki ba, kuma ba maganin gwiwa ba ce. Jiki da kansa yake tufka nasa kolajin, kuma ba ya iyawa sai da bitamin C. Matuƙan jiragen ruwan Turawa da suke watanni a teku ba ɗanyen abu, dasashinsu yakan yi jini, haƙora su yi girgiɗi, har tsohon raunin da ya warke ya sake buɗewa. A 1747 James Lind ya gwada magunguna daban-daban a kan mutum 12 a jirgi, waɗanda ya bai wa lemo su suka farfaɗo. Mu nan gwaiba da lemo da garin 'ya'yan kuka da ɗanyen tumatir sun wadatar.

Baba Majemi:
Yaro, ka yi magana a kan sana'ata ba ka sani ba. Fata in an kawo mana, mu jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, mu kankare shi, mu juya mu kankare nama da kitse. Abin da ya rage shi ne tsakiyar fatar, fara sol, tana santsi a hannu. Ka bar ta haka, ko ta ruɓe ko ta bushe ƙarau ta karye. Amma ta sha ruwan bagaruwa, sai ta canza launi, ta yi ƙwari, ta yi laushi, a yi takalmi a yi jaka a yi shekaru ana mora. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka yi ta kaiwa ƙasashen waje tun zamanin fatake, da bagaruwar nan aka jeme ta.

Malamin Kimiyya:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan farar tsakiyar kolajin ce kusan zalla. Sinadarin bagaruwa yana shiga tsakanin zaren ya ɗaure su da juna, ƙwayoyin ruɓa su kasa ci. Likitoci ma sun daɗe suna morar kolajin. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu a wajajen 1013, da zaren hanjin dabba yake ɗinkin cikin jiki, domin jiki yana narkar da shi da kansa bayan rauni ya haɗe.

Anti Nas:
A nan zan roƙi 'yan'uwana mata. Mayukan bilicin da yawa akwai sinadarin da ke hana fata tufka kolajin. Fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito raɗau, nankarwa ta tsattsage ta. Ranar da aka zo haihuwa ta tiyata, muna ɗinki zare yana yaga fatar, rauni ya ƙi haɗewa da wuri. Na gani da idona, abin tausayi ne.

Mai Tsaron Raga:
Likitocin zaure, ni ƙwallo nake bugawa. Na yi targaɗe a idon sawu, an yi hoto an ce ƙashi lafiya, amma har yanzu ban koma daidai ba. Abokina da ya karye ya riga ni komawa fili. Yaya haka?

Likitan Ƙashi:
Ƙanena, ba abin mamaki ba ne. Jijiyoyin riƙo iri biyu ne a wurin. Akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara, akwai mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Targaɗe ta biyun ce ta miƙe fiye da kima ko ta yage, kuma hoton ƙashi ba ya nuna ta. Ka lura fari fat suke, saboda jinin da ke ratsa su kaɗan ne, abin da jini bai wadace shi ba kuwa ba ya saurin warkewa. Ƙashi cike yake da jini. Guringuntsin gaɓa ma ya fi su wahala, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, daga ruwan gaɓa yake ci, shi ma sai ana motsa gaɓar. Hajiya, wannan har da ke: tafiya a hankali da rage nauyin jiki sun fi ganda amfani ga gwiwa. Kai kuma ka nemi masu gashin ƙashi su koya maka atisayen ƙarfafa idon sawun, kada ka bari a yi ta murza shi da ƙarfi.

Jikan Maɗori:
Likita, da ka ce kada a murza na san inda aka dosa. Kullum ku a wurinku mai ɗorin gargajiya shi ne mai laifi. Gidanmu gadon ɗori muka yi. Na tashi na ga ana kawo mutane a amalanke su koma da ƙafarsu. Talaka ba shi da kuɗin asibiti, wani ƙauyen ma kafin a kai mutum asibitin ƙashi na Dala a Kano an kwana a hanya. Kuma mutane suna tsoro, sun ce da an je asibiti sai a ce za a yanke.

Likitan Ƙashi:
Ɗan'uwa, ban ƙaryata ka ba. Karaya da yawa tana warkewa a hannunku, kuma ga dalili. Ƙashi yana da nasa tantanin da ya lulluɓe shi, a ƙarƙashinsa ƙwayoyin gina sabon ƙashi suke. In aka daidaita ƙashi aka hana shi motsi, tantanin nan ne yake yin aikin, ko a gidanku ko a wurinmu. Na yara ya fi kauri, shi ya sa yaro yake haɗewa cikin 'yan makonni, babba kuwa ƙwabrinsa ya ɗauki wata uku ko huɗu.

Inda muke rigima wani tantanin ne daban, wannan farin da Ɗan Fawa ya ce masu kilishi suna cirewa. A hannu da ƙafa ya naɗe tsoka ya kasa ta ɗaki-ɗaki, daga gwiwa zuwa idon sawu ɗaki huɗu ne. Tantanin nan ba ya miƙewa. In ƙashi ya karye, jini ya zuba a ciki, tsoka ta kumbura, kumburin ba shi da inda zai je. In aka zo aka jera karare aka tamke da tsumma ta waje, an ƙara matsi a kan matsi. Ƙananan jijiyoyin jini su toshe, tsoka ta rasa jini ta ƙara kumbura, abin ya yi ta cin kansa. Wani likitan Jamus, Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, kuma a kan ɗaurin likitoci ya gani. Har gobe simintinmu na asibiti in ya matse haka yake yi. Shi ya sa a sabuwar karaya sau da yawa ba ma zagaye hannu da shi, rabi muke sawa, mu bar wa kumburi hanya.

Jikan Maɗori:
To ai in ba a tamke ba ƙashin zai goce, a warke a karkace, a ce mai ɗori bai iya ba.

Likitan Ƙashi:
Ba matsi ne ke riƙe ƙashi ba, tsawo ne. A hana gaɓar sama da ta ƙasan karayar motsi, a shimfiɗa auduga mai kauri kafin a sa kara, a bar yatsu a waje ana ganinsu. Karkataccen ƙashi muna iya gyara shi ko bayan shekara. Matacciyar tsoka babu mai dawo da ita.

Anti Nas:
Na tuna wani yaro ɗan firamare da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a saman gwiwar hannu. Uwar ta ce daren farko bai runtsa ba, yana ta ihu a kwance masa, aka ce haƙuri zai yi, ɗori ne yake kamawa. Da aka kawo shi muka warware tsumman, fatar duk ta yi bororo, yatsun sun yi baƙi sun yi sanyi, na matsa farcen babu alamar jini. Ba asibiti ne ya kashe hannun nan ba, a mace ya iso. Da an bar shi kuma ruɓar ta shiga jini ta tafi da yaron.

Jikan Maɗori:
Innalillahi. Anti, wannan ba aikin magada ba ne. Kakanmu in ya ga ƙashi ya huda fata ba ya taɓawa, cewa yake a tafi asibiti. Kuma duk wanda ya ɗora, washegari da sassafe sai ya je ya kwance ya duba ya sake ɗaurewa. Yanzu ne kowa ya sami kara da tsumma sai ya ce shi maɗori ne.

Likitan Ƙashi:
Allah ya jiƙan Kaka, ƙin taɓa buɗaɗɗiyar karaya ilimi ne babba. Ka ƙara da karayar gwiwar hannun yara, domin babbar jijiyar jini a gaban ƙashin take wucewa, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da ta ƙugu, da ta ƙashin baya. Amma washegari da safe ya yi nisa. Tsokar da jini ya yanke mata, daga sa'a 6 zuwa 8 ta fara mutuwar da ba dawowa. Wanda aka ɗora da la'asar, kafin asuba an gama.

Jikan Maɗori:
To faɗa min abin da zan gaya wa masu jinya su lura da shi cikin dare, tunda ba kwana nake a gidajensu ba.

Likitan Ƙashi:
Na farko ciwo. Ɗori mai kyau rage ciwo yake yi. In ciwo yana ƙaruwa bayan an ɗaure, har maganin ciwo ya kasa, to ba kamawa ba ce. Na biyu, a kama yatsunsa a miƙe su a hankali, in ya yi ƙara saboda azaba a cikin dantse ko sha-raɓa, alama ce mai ƙarfi. Na uku, yatsu su yi dindiris ko ya ce ba ya jin su. Kada a jira su yi baƙi, kada kuma a ruɗu don an taɓa an ji jijiya tana bugawa, takan ci gaba da bugawa tsoka tana mutuwa. Da an ga ɗaya daga ciki a kwance komai har fata, a ajiye hannun daidai ƙirji, kada a rataye shi sama, a kama hanyar asibiti a daren. In kwancewar ba ta wadatar ba, mu a tiyata tsaga tantanin muke yi daga sama har ƙasa, tsokar ta bulluƙo ta sami sarari, mu bar raunin a buɗe kwanaki kaɗan sai kumburi ya saɓe, sannan a ɗinke ko a ɗebo fata daga cinya a rufe.